Taswirar da Aka Yaɓe

Gagarawa,
Farkon watan Agusta.

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanenmu na Maigatari. Yaya kunnen naki? Haladu direba ya ce mini har yanzu sai an ɗaga murya kafin ki ji. Shi ya sa na daina wahalar da ke da waya, ina magana kina cewa "na'am?" har kati ya ƙare ba mu ce komai ba. Gara in rubuta in ba shi ya kai miki ranar kasuwa. Rubutuna kin san shi, na 'yar firamare ne, ki yi haƙuri da shi.

Mu nan alhamdu lillahi. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, gida ya yi shiru. Ina cikin takabata, ko zaure ba na leƙawa. Abinci ina ci, kada ki sa wannan a ranki, don Rabi maƙwabciyata ba ta tashi sai ta ga ƙasan kwano. Ruwa yana sauka sosai, gero ya yi kyau. Gonar Malam kuwa ƙaninsa Ubale ne yake kula da ita, Allah Ya saka masa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yarki Jannatu.

Kin tuna da kika zo zaman makoki kika ga zane a jikin katangar da ke ƙarƙashin rumfa, kika tambaye ni wane yaro ne ya ɓata bango haka? Ba yaro ba ne, Yaya. Malam ne.

Da Jannatu ta gama jarrabawar ƙaramar sakandare, aka sallame su dogon hutu, sai ta ce ita in ta shiga babbar sakandare tarihi za ta ɗauka, don ta zauna a ajin babanta. Ranar Malam ya kasa ɓoye murna. Ya ce to, amma tarihin duniya ba ya shiga kan wanda bai san inda wurare suke ba. Wai kamar a ba ka labarin rigimar wani gida ne, alhali ba ka san wa ke ɗakin gabas wa ke ɗakin yamma ba. Don haka ya ce kafin a koma makaranta sai ta san gidan tukuna. Ya zo murhuna ya kwashi gawayi, ya haɗa da guntayen allin da yake dawowa da su a aljihu, ya zana mata duniya a jikin katanga. Na yi ta mita a kan gawayina, yana dariya.

Kullum bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a gaban zanen, ni ina gefe ina tuƙa tuwo ina jin su. Ya nuna mata Masar da kogin Nilu, ya ce ambaliyarsa ce ta ciyar da su kamar yadda fadamar Haɗeja ke ciyar da mutanen can. Suka yi ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, suka yi Rum da Farisa, har suka kai Sin. Ya ɗiga wa Gagarawa alama da alli, ƙatuwa kamar ƙwan kaza. Jannatu ta ce haba Baba, ai ka sa mun fi Alƙahira girma. Ya ce mata wanda ke riƙe da alli shi ke yanke hukunci. Gefen hagu ne kawai ya bari babu komai, inda ya ce ƙasashen bayan babban teku suke, wai sai mako mai zuwa. Kin san abin da ya faru kafin makon ya zo.

Tun daga nan yarinyar nan ba ta buɗe littafi ba. Akwatin littattafansa yana nan a rufe kamar yadda ya bar shi. Magana ma sai "to" da "a'a". Abin da take yi kawai, ta share gindin katangar da safe, in hadari ya taso ta rataya tsohuwar tabarma a kan zanen don kada feshi ya taɓa shi. Da na yi mata zancen makaranta, sai ta ce mini ba za ta koma ba. Ba za ta iya zama ta ga wani ya tsaya a gaban allon babanta ba.

Ga kuma Inna Kyauta, mahaifiyar Malam. Ta aiko daga Ɗanzomo cewa tunda yarinya ba ta son boko, a kai mata ita ta ɗebe mata kewa. Yaya, kin san in ta tafi can, daga surfe sai ɗiban ruwa sai matsa ƙafar Inna, karatu ya ƙare ke nan. Amma da wane baki zan yi musu da matar da ta binne ɗanta? Ni kuma ita kaɗai Allah Ya bar mini, kuma na san abin da babanta ya so mata. Nan da tsakiyar Satumba za a buɗe makaranta. Ki taya ni addu'a, ki kuma gaya mini abin da kike gani.

Katangar ma tana ba ni tsoro. Ruwa ya cinye gindinta ta waje, ta fara tsagewa. Ubale ya ce zai kawo magina kafin ta faɗo wa wani.

Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan yara. Ki riƙa ɗiga maganin kunnen nan kamar yadda likita ya ce.

Ƙanwarki,
Tayyiba.

Gagarawa,
Tsakiyar watan Agusta.

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Takardarki ta iso, da kuka da daddawar da kika ba Haladu. Allah Ya bar zumunci. Na ji shawararki cewa kada in matsa mata, in bar ta da zanen babanta har zuciyarta ta huce. Shawara ce mai kyau, Yaya, sai dai ta iso bayan zanen ya tafi.

Ga yadda aka yi. Inna ta yi zazzaɓi, sai na tura Jannatu Ɗanzomo ta dubo ta, ta kwana biyu. Washegarin tafiyarta da safe Ubale ya yi sallama da magina, ya ce za su shigo tsakar gida su ajiye ƙasa. Kin san halin da nake ciki, maza baƙi a tsakar gida. Na shige ɗaki na saki labule na zauna da carbina. Ina jin su suna kwaɓa ƙasa, suna raha, wani yana ta ba da labarin sa da ya kubce masa a kasuwarku. A raina duk ta waje suke gyarawa, tunda can ne ruwa ya ci. Ban san Ubale ya ce musu tunda an zo an zo, a yaɓe ciki da waje, kada matar yayansa ta sake shiga damuwar katanga ba.

Sai da suka tafi, wajen azahar, na fito zan yi alwala. Yaya, katanga sumul. Ja wur, tana ƙyalli, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu Masar, babu Nilu, babu ƙwan kazar Malam. Tabarmar da Jannatu ke rufe zanen da ita an naɗe ta da kyau an jingine a gefe. Ranar da aka fita da gawar Malam ban yi kuka irin na ranar nan ba. Labule kawai ke tsakanina da su. Da na ɗaga murya sau ɗaya na ce a bar wajen rumfa, da shi ke nan.

Da yamma Ubale ya dawo da fara'arsa yana tambaya ko aiki ya yi kyau. Na gaya masa daga bakin ƙofa. Sai ya ce wallahi shi ya ɗauka wasan yara ne, shi bai taɓa shigowa ya same su suna karatun ba. Ya ce da ya sani da hannunsa zai tare. Babban mutum, yana jan hanci kamar yaro. Ban ga laifinsa ba. Gonar yayansa yake nomewa, katangar yayansa ya gyara, me kuma zan ce masa?

Jannatu ta dawo da ƙullin zogale daga Inna. Ta shigo da sallama, ta tsaya. Ta daɗe tana kallon katangar, sannan ta ajiye ƙullin a kan turmi ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi wanda ya yi ba. Da ta yi ihu ma da na fi samun sauƙi.

Jiya ta ce mini in gaya wa Baffanta Ubale ya zo ranar Juma'a ya kai ta Ɗanzomo gaba ɗaya. Ta riga ta haɗa kayanta a jaka. Kayan makarantarta kuwa ta wanke ta ninke ta ce in ba 'yar Rabi.

Ban ba da su ba. Na sa su a ƙarƙashin katifata. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ki yi mana addu'a, Yaya. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tayyiba.

Gagarawa,
Ƙarshen watan Agusta.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ya damina, ya jikin Alhaji da aka ce mini ya yi mura? Allah Ya ƙara sauƙi. Ki gyara zama, takardar yau doguwa ce, har na ari biro a wajen Rabi don nawa ya ƙare a hanya.

Jannatu ba ta tafi ba.

Ranar Juma'ar nan, bayan na idar da sallar asuba gari ya waye, sai wani tunani ya zo mini. Na ce yaɓe ai a kan zanen aka yi shi, wataƙila yana nan a ƙasa. Na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na je na fara ɓamɓare wajen da nake zaton Masar take. Na ɓamɓare wuri kamar faɗin faifai, babu komai. Na ƙara gaba, babu komai. Ashe magina sai da suka kankare tsohon bangon suka jiƙa shi kafin su yaɓa, don sabuwar ƙasa ta kama. Na tsaya da wuƙa a hannu, ga zane babu, ga katangar mutane na yi mata rauni.

Kunya ta kama ni, na ce kada Ubale ya zo ya ga abin da na yi wa aikinsa. Akwai ragowar ƙasar da suka bari a bayan rumbu. Na jiƙa ta na kwaɓa, na toshe ramukan, na shafe wajen duka da tafin hannu don kada a ga tabo. Kin tuna yadda muke yi muna yara in Gwaggo ta yi sabon yaɓe a ɗakinta, mu bi da yatsa muna zana mata ganye da tsani? Wallahi ban yi niyya ba. Ina shafawa kawai na ga yatsana ya ja layi, ya lanƙwasa, ya sauko. Afirka nake zanawa. Ai na daɗe ina kallonta daga bakin murhu, kamar cinyar sa a rataye a rumfar mahauta.

Da na zo kan Makka sai na tsaya. Akwai abin da ya daɗe yana damuna a zanen Malam, ban taɓa gaya masa ba. Ƙasashen Turawa suna sama, Makka tana ƙasa da su. Na ce tunda yau ni ke zane, ba zan ɗora kowa a kan Ɗakin Allah ba. Na sa Makka can sama, na jero sauran a ƙarƙashinta yadda suka samu wuri.

Ina cikin haka Rabi ta shigo da kokon safe. Ta dubi katanga, ta dube ni da laka har gwiwar hannu. Ta ce Tayyiba, takabar ce ta fara taɓa ki? Ta ce wannan kwaɗo ne mota ta taka, ko ƙwarya ce ta fashe? Na ce mata duniya ce. Ta ce to lallai duniya ta lalace. Ta kama dariya har koko yana zuba, ni ma ban san lokacin da na kama ba. Rabon tsakar gidan nan da dariya tun Malam yana nan.

Dariyar ce ta fito da Jannatu, da mayafinta a kafaɗa, ta yi shirin tafiya. Ta tsaya a bayana. Na ci gaba da abin da nake yi kamar ban gan ta ba. Can na ji ta ce, "Umma, kin jefa Masar a cikin teku."

Yaya, wannan ce doguwar magana ta farko da ta yi mini tun rasuwar.

Na ce mata a nan na ganta. Ta ce a'a, kuma na kwantar da duniyar gaba ɗaya a gefenta, arewa ake sawa a sama. Na ce wa ya ce? Ta ce Baba. Na ce to ni ba zan sa Makka a ƙasa ba. Ta ce Umma, ba daraja ake nufi ba, hanya ake nufi. Ta ce kuma ina Indiya? Na nuna mata. Ta ce wannan ai Italiya ce, kuma ita ma ba nan take ba. Rabi tana gefe tana zuga mu, wai a bar mata Tayyiba, ai ko ba komai ta yi ƙoƙari, ita da aka ba ta ko Gumel ba za ta iya samowa ba.

Sai na ce wa yarinyar, to in kin fi ni sani ki gyara, amma ki yi sauri, rana ta fito, ƙasa za ta bushe, in ta bushe kuwa haka duniyar za ta zauna har abada da Masar a cikin ruwa.

Ta dube ni. Ta cire mayafin ta miƙa wa Rabi. Ta sa tafin hannu ta shafe kwaɗona duka, ta fara daga farko.

Hannunta irin na babanta ne, daga sama take farawa ta gangaro. Ta yi Afirka, ta ja Nilu, ta yi tekun da ke tsakaninmu da Turawa. Da ta zo wajen Farisa sai ta rikice, ta zana ta goge, ta zana ta goge. Gefen yaɓen ya fara yin fari. Sai kawai na ga ta ruga ɗakin Malam, na ji ƙarar murfin akwatin nan. Ta fito da babban littafinsa mai taswirori, da laka a hannunta, duk ta ɓata bangon littafin. Ta ce Umma riƙe mini nan, kada ki bari ya rufe. Na tsaya riƙe da littafin a buɗe kamar mai riƙe wa amarya madubi. Ƙamshinsa yana jikin takardun. Muka yi kukanmu a tsaye, ita tana zane tana share ido da kafaɗa, don ba lokacin zama.

A haka Ubale ya same mu, ya zo da babur zai ɗauke ta. Ya yi sallama ya tsaya turus. Ya ce Jannatu, Inna fa tana jira. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce Baffa, ƙasa ta ƙare, ga wajen Sin bai samu ba. Bawan Allah nan ya naɗe hannun rigar Juma'arsa ya shiga kwaɓa ƙasa. Rabi ta ce masa ai daidai ke nan, wanda ya rushe duniya shi zai ɗauki lakarta. Ya ce ya yarda, a ƙara masa da tara ma.

Maganar Makka kuwa mun sasanta. Ta bar ta inda littafi ya ce, amma ta samo guntun farin tangaran ta manna a wajen, yadda ko daga bakin ƙofa shi ido zai fara gani. Da aka zo kan Gagarawa ta ce ni zan sa. Na danna babban yatsana. Ta ce Umma, kin fi Baba ma son kai, wannan ai ya kai Masar ɗin gaba ɗaya.

Saura gefen hagu, inda Malam ya bari. Ubale ya ce ga ƙasa ta rage, ga littafi, a ƙarasa mana. Jannatu ta dubi wajen, ta dubi littafin, ta rufe shi. Ta ce a'a, a bar nan. Ita ba ta san labarin mutanen can ba tukuna, ba za ta zana gidan da ba ta san masu shi ba. Ta ce, "Sai mun kai wajen a aji."

A aji, Yaya. Na juya na nufi murhu na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ko wuta ban hura ba.

Yanzu abin da ya rage shi ne Inna. Ubale ya koma ba tare da yarinya ba, kuma an ce ranta ya ɓaci. Ki ci gaba da addu'a.

Ki gaida Alhaji da yara, da maƙwabciyarki mai fura.

Taki har kullum,
Tayyiba.

Gagarawa,
Ƙarshen watan Satumba.

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kin wuni lafiya, ya kaka, ya hidimar yara da komawa makaranta? Na ji daɗi da kika ce kunnen hagu ya fara buɗewa. Amma ko ya warke sarai kada ki ce in daina rubutu, na saba.

Ki yafe mini jinkiri, gidan ne ya cika. Inna Kyauta da kanta ta zo daga Ɗanzomo, da sandarta da faɗanta. Tun daga zaure take cewa ina mara kunyar da ta sa ta share ɗaki ta dafa kaza. Na gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa, sai ga ta ga katanga. Ta ce wannan kuma wane tsafi ne? Jannatu ta ce ba tsafi ba ne, Hajiya ƙawata, duniya ce, Baba ya fara muka ƙarasa. Da ta ji an ambaci ɗanta sai ta matso kusa da katangar. Can ta nuna tangaran da sanda ta ce wancan fa? Aka ce Makka. Ta ce to a nuna mata ta inda jirgi ya bi da ita shekarar da ta sauke farali. Jannatu ta ɗora yatsa a Kano ta ja shi a hankali, ta ce nan Chadi, nan Sudan, nan kika tsallake Nilu, kogin da aka jefa Annabi Musa yana jariri. Inna ta dafe ƙirji ta ce ita? Ita ta wuce ta kan kogin Annabi Musa tana barci da baki buɗe, ba wanda ya tashe ta? Ta ce wallahi 'yan jirgin nan ba su da mutunci.

Ta sa aka maimaita mata hanyar har sau nawa. Daga baya ta kira ni ta ce, ita dai kewa ce ke cinta, ɗakin can ya yi mata faɗi. Na ce Inna, nan ma ya yi mana faɗi. Ta ce to tunda yarinya ta ƙi zuwa wajen tsohuwa, tsohuwa za ta zauna wajen yarinya, aƙalla har in fita takaba. Ubale ya kwaso mata kayanta da akuyarta. Yanzu kullum bayan la'asar ita ce ɗalibar. Jannatu ta karanta a littafi ta zo ta bayyana mata a jikin katanga, Inna tana musu. Ranar da aka yi fataken da ke ratsa hamada da gishiri, Inna ta karɓe darasin, wai kakanta har Agadas ya je da jakuna, ba wanda zai gaya mata.

An buɗe makaranta. Na ciro kayan daga ƙarƙashin katifa, duk sun yamutse, Jannatu ta goge su tana yi mini tsiya wai ashe ban ba 'yar Rabi ba. Ban iya raka ta ba, kin sani. Na tsaya a bayan ƙyauren tsakar gida ina jin takunta a zaure, da muryar Baffanta yana cewa ta yi sauri. Inna ce ta bi su har bakin titi da sandarta.

Jannatu ta dawo ido jawur, amma ta ce yunwa take ji, ta cinye ɗumamen da na ajiye wa kaina. Wadda aka kawo a madadin Malam mace ce, Malama Sumayya, daga Sule Tankarkar. Jannatu ta ce da matar ta ɗauki alli ta juya ga allo, sai ita Jannatun ta kifa kai a tebur ta yi ta kuka. Malamar ta ci gaba da darasi a hankali har yarinyar ta ɗago. Jannatu ta ce matar ba ta iya ba da labari kamar Baba ba, amma ba ta da laifi. Na ce haka ma ya isa.

Shekaranjiya ta zo mini da littafin a buɗe, ta nuna mini hoton wata tsohuwar taswira. Ta ce ashe mutanen da can wasu gabas suke sawa a sama, wasu kudu. Na ce to kin gani. Ta ce kada in yi saurin murna, ko su ba su jefa Masar a teku ba.

Ba zan ce miki na warke ba, Yaya. La'asar tana yi har yanzu kunnena yana jiran sallamarsa. Amma nauyin nan da ke kan ƙirjina tun Agusta ya sauka, ina barci, ina jin ɗanɗanon abinci. Zanen kuma ya bushe ya yi ƙarfi, ruwan ƙarshen damina ya yi masa feshi bai goge ko layi ɗaya ba. Ba a rataya masa tabarma yanzu.

Ubale ya ce duk ranar da suka kai ƙasashen bayan teku a aji, shi zai zo ya yi sabon yaɓe a gefen hagun, kuma wannan karon sai ya yi sallama sau uku ya tambayi abin da ke jikin bango kafin ya taɓa.

Ga saƙon 'yarki. Ta ce in roƙe ki, in Haladu zai dawo ranar kasuwa, ki sayo mata shuni ki ba shi. Tana so ta shafa wa tekuna, don Inna ta daina tambaya ko wajen nan gonar wa ce. Ta ce ki sayo da ɗan yawa, wai ba ki san girman ruwan da ke duniya ba.

Inna tana gaishe ki, Rabi tana gaishe ki. Ki gaida Alhaji da yara. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta, mu kuma Ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Tayyiba.